Yadda Ake Ɗaukar Hoton Masu Hawan Dutsen Yashi a Kwazazzaban Hamada

Shekarun farko na sana'ata a nan Sakkwato na yi su ne wajen ɗaukar hotunan ɗaurin aure, saukar karatu da hawan Salla, kafin aiki ya haɗa ni da wani ayari na masu hawan dutse, na riƙa bin su a matsayin mai hoto zuwa Wadi Rum da ke kudancin ƙasar Jordan. Tun daga lokacin, duk matashin da ya ga waɗannan hotuna a bangon shagona, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, da wace kyamara ka ɗauka?" Kyamarar da nake ɗaukar angwaye da ita ce. Abin da ya yi hoton shi ne wurin da na rataya da kuma lokacin da na rataya a wurin, kuma duka biyun tun kwana guda kafin ranar na tsara su.

Wadi Rum tana kimanin kilomita 60 gabas da birnin Akaba, kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Larabawan wurin sun daɗe suna hawa waɗannan duwatsu wajen farautar awakin dutse kafin Tony Howard da Di Taylor, mutanen Ingila, su zo a 1984 su fara bibiyar hanyoyin suna rubuta su. Akwai irin wannan dutse a Indian Creek da ke jihar Yuta ta Amurka, akwai shi a Ennedi da ke arewa maso gabashin Chadi, inda bakan dutsen Aloba ya kai tsayin kusan mita 120, akwai kuma Hannun Fatima kusa da Hombori a Mali, wanda rashin tsaro ya hana baƙi zuwa tun daga 2012.

Dutsen yashi ya bambanta da dutse mai tauri irin na Kwatarkwashi ko na Zuma. Yashi ne da ya dunƙule a tsawon zamani, don haka yana cin igiya kamar zarto, yana marmashewa idan ya jiƙe, kuma yana mayar da hasken rana ja kamar garwashi. Kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa daga waɗannan halaye uku ya fito.

Kayan aiki

Kayan igiya su ne na farko, kuma a kansu ba a neman araha. Kana bukatar igiya marar miƙewa mai kaurin milimita 10 zuwa 11, domin igiyar mahaya mai miƙewa ce, idan ka rataya a kanta za ta riƙa lilo da kai sama da ƙasa tana gogar bakin dutse. Kana bukatar ɗamarar ƙugu mai faɗin madaurin cinya, hular kwano, marikin igiya guda biyu na hawa tare da madaukan sa ƙafa, na'urar sauka mai kama igiya da kanta irin GriGri ta kamfanin Petzl, ƙugiyoyi masu makulli aƙalla shida, da rigar igiya da ake sa wa a inda ta taɓa kaifin dutse. Idan babu rigar igiya, guntun tsohon kafet ko tiyo mai kauri da aka tsaga zai yi aiki, muddin an ɗaure shi da kyau. Ka ƙara da ɗan katako mai faɗi da aka huda aka sa masa igiya kamar lilon yara, domin zama a kan ɗamara kaɗai na tsawon sa'a guda yana kashe ƙafafu, kuma idan ya wuce kima yana iya kai mutum ga suma. Igiyar kasuwa ta jan guga ko ta ɗaure kaya, komai kaurinta, ba ta shiga wannan lissafi.

A ɓangaren hoto, kyamara ɗaya mai iya ɗauka a jere ta isa. Idon kyamara mai faɗin gani, wato 16-35mm, shi ne na aiki a kan igiya, sai 24-70mm idan ido ɗaya kawai kake da shi, sai 70-200mm ko wanda ya fi shi zuƙowa don ɗauka daga nesa. Ka tanadi batura uku, katunan memori biyu, famfon roba na hura ƙura, buroshi mai laushi, da jakar ƙirji wadda kyamara ke shiga da fita da hannu ɗaya. Kowane abu sai an yi masa zare an ɗaure shi a jikinka. Idan kyamararka ba mai jure ƙura ba ce, ka lulluɓe ta da leda mai kauri ka kama bakin da kyauro, kamar yadda muke yi a tsakiyar hunturu. Sai oba-oba guda biyu, ko usur idan babu, da ruwan sha lita huɗu zuwa biyar na wuni.

Mataki na 1: Koyi igiya kafin ka ɗauki kyamara

Rubutu ba ya koyar da igiya, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka ya iya. Ka nemi malamin da ya san aikin, ya tsaya a kanka. A Sakkwato ba mu da dogayen duwatsu, amma muna da ma'aikatan da ke hawa turakun sadarwa waɗanda aka horar da su a kan igiya, kuma a hannun irinsu ana iya fara koyo a tsayin mita uku ko huɗu kacal. Abubuwan da dole su zama jiki su ne hawa igiya, sauka a kanta, juyawa daga hawa zuwa sauka alhali kana rataye a tsakiya, da wuce ƙulli. Sai ka iya su ba tare da tunani ba sannan ka rataya kyamara a wuya, domin ranar aiki hankalinka yana kan mahayi, hannuwanka ne za su tuna da igiya.

Mataki na 2: Leƙa wurin kwana guda kafin aiki

Wannan mataki ne sababbin shiga suke tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Ka je tare da jagora ɗan wurin da kuma mahayin da za ka ɗauka, ku tsaya a gindin bango ya nuna maka hanyar da zai bi, musamman gaɓar da ta fi wuya, domin a nan ne fuskarsa da jikinsa za su ba da labari. Ka duba inda bangon ya fuskanta. Wanda ya fuskanci gabas yana samun rana da hantsi ya shiga inuwa bayan azahar, wanda ya fuskanci yamma kuma akasin haka. Ka zauna ka kalli yadda inuwa take tafiya, ka rubuta lokacin da ta isa gaɓar da kake so.

Hasken da ya fi kowanne kyau a kwazazzabo shi ne wanda ya daki bangon da ke can ƙetare ya dawo kan bangon da ke inuwa. A wannan lokaci dutsen yana yin ja mai taushi, fuskar mahayi tana fitowa ba tare da baƙar inuwa a ƙarƙashin hular kwano ba, kuma kyamara ba ta wahala. Wani lokaci sa'a guda kawai yake yi. Hasken tsakar rana kuwa yana wanke launin dutse ya bar shi fari fat, ya raba hoto gida biyu, rabi ƙuna rabi duhu. A Wadi Rum watannin Maris da Afrilu da kuma Oktoba da Nuwamba su ne lokacin hawa, a Ennedi kuma lokacin sanyi.

Ka tambayi jagora labarin ruwan sama. Idan an yi ruwa, ba a hawa dutsen yashi sai an jira kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, har sai ƙasar gindin bangon ta bushe ƙarƙashi da sama, domin jiƙaƙƙen dutsen yashi yana ɓarewa a hannu, ƙarafan tsaro kuma, wato waɗanda mahayi ke cusawa a tsagar dutse su riƙe igiyarsa idan ya faɗo, suna iya zarewa daga cikinsa. Mai hoto kada ya zama shi ne mai matsa wa mahaya su hau don ranakun tafiyarsa suna ƙarewa. Haka kuma kada a kafa tanti ko a ajiye kaya a cikin busasshen kwari, domin ruwan da aka yi a nesa, wanda ba ka ga ko girgijensa ba, yana iya isowa cikin kwazazzabo a matsayin ambaliya.

Mataki na 3: Kafa igiya

Ana kafa igiyar mai hoto daga sama, ko dai ta hanyar zagayawa a hau dutsen ta baya, ko kuma mahayin farko ya hau da ita ya ɗaure. Turken da za a ɗaure ta kada ya zama ɗaya. Aƙalla biyu masu zaman kansu, a raba nauyi a tsakaninsu, ta yadda idan ɗaya ya saki ɗayan zai riƙe. Tsofaffin kusoshin da ka tarar a dutsen yashi ka dube su da idon zargi, domin ramin da suke ciki yana faɗaɗa da shekaru. Igiyarka ta sauko mita uku zuwa biyar a gefen hanyar mahayi, kada ta bi daidai kansa, kuma ka yi ƙulli babba a bakinta na ƙasa kafin ka jefa ta.

Zan tsaya a kan maganar kaifin dutse domin na gani da idona. Wata rana na sa rigar igiya a bakin bango amma ban ɗaure ta sosai ba, na sauka na yi kusan sa'a biyu ina lilo hagu da dama ina neman kusurwa. Da na hau zan kwance, na tarar rigar ta zame ƙasa da taƙi guda, fatar igiyar kuma ta tsattsage a wurin ta yi gashi-gashi, har farin zaren ciki ya fara leƙowa, jan gari na dutse ya cika tsagar. Tun daga ranar nake ɗaure rigar a turke da zarenta daban, kuma idan bangon dogo ne ina sake ɗaure igiyar a wani turke ƙasa da kaifin, ta yadda nauyina ba ya ratsa bakin dutsen ko kaɗan. Inda hali ya yi, ka rataya igiya ta biyu ta ko-ta-kwana.

Mataki na 4: Saita kyamara tun kana ƙasa

Ka ɗauka a tsarin RAW, domin tazarar da ke tsakanin haske da inuwa a kwazazzabo tana da faɗi, kuma wannan tsari ne ke ba ka damar gyara daga baya. Saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, tunda kai ma motsi kake yi a kan igiya, idan kuma ana sa ran mahayi zai yi tsalle ko zai faɗo a kan igiyarsa ka kai shi 1/1000. Buɗin ido tsakanin f/5.6 da f/8 yana fito da mutum da tsagar da yake bi. A inuwa kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600, domin hoto mai ɗan tsakuwa ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan. Ka sa fokas mai bin motsi. Ma'aunin farin haske ka ajiye shi a kan hasken rana, domin idan ka bar wa kyamara zaɓi za ta ɗauka jan dutsen kuskure ne ta wanke shi ya koma toka-toka.

Ka zaɓi ido ɗaya ka ɗaura shi a cikin mota ko tanti. Wanda ya taɓa buɗe kyamara a filin hawan Salla ya san abin da ƙura take yi, yashin hamada kuma ya fi ƙurar Sakkwato kaifi. Murfin ido ka cire shi ka bar shi a jaka. Abin da ya faɗo daga mita 45 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa uku, kuma idan mai nauyi ne irin idon kyamara gudunsa yana kaiwa kusan kilomita 100 a awa, alhali a daidai wurin mai riƙe wa mahayi igiya yake tsaye.

Mataki na 5: Hau ka zauna kafin mahayi ya fara

Ka riga shi isa wurinka da aƙalla minti ashirin. Matsayin da ya fi dacewa shi ne sama da gaɓar nan mai wuya da mita biyu ko uku, kuma a gefe, ta yadda za ka ga fuskarsa, hannuwansa, da zurfin da ke ƙarƙashinsa a hoto guda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a gindin bango a ɗaga kyamara sama, abin da ake samu shi ne bayan mutum da tafin takalminsa, bangon kuma ya yi kamar ya kwanta. Da zarar ka zauna a kan katakonka, ka naɗe ragowar igiyar da ke ƙasanka ka zuba a jaka, don kada ta ratsa hoton ko ta harɗe mahayi, amma ka bar ƙullin tsaro kusa da na'urarka.

Idan ka manne da bango, hoton yana matsewa. Ka tokare da ƙafafu ka tura jikinka waje. Wasu suna amfani da sanduna biyu na ƙarfe marar nauyi don su nisanta da mita biyu, idan babu su kuma ana iya ɗaura kyamara a kan sanda guda a miƙa ta waje a latsa da madannin nesa. Ka kula da inda kake taka ƙafa, domin ɓawon dutsen yashi yana ɓallewa. Idan wani abu ya kuɓuce, ko da tsakuwa ce, ka yi ihun gargaɗi nan take da kalmar da kuka yi yarjejeniya a kanta tun a ƙasa.

Mataki na 6: Ɗaukar hoton

Yanzu ka yi shiru. Mahayin da ke gaɓa mai wuya bai kamata ya ji muryarka ba, kuma kada ka taɓa cewa ya dubo ka. Abin da nake jira shi ne lokacin da ya ɗaga ido yana neman marika ta gaba, hannu ɗaya ya miƙe, ƙafafu biyu suna bayyane. Idan ƙafa ta fita daga hoto mai kallo ba zai gane yadda mutumin yake tsaye ba. Ka ɗauka a jere gajeru, uku ko huɗu, maimakon danne madanni har kati ya cika.

A tsagogin dutsen yashi mahaya suna cusa hannu ne cikin tsaga su murɗa shi ya maƙale, don haka suna naɗe bayan hannu da farin filasta. Ka zuƙo ka ɗauki wannan: filastar da ta koma ja, farin allin da mahaya ke shafawa don busar da zufar hannu wanda ya taru a gaɓoɓin yatsu, ɗan jinin da ya bushe a wuyan hannu. Daga nan ka buɗe gani gaba ɗaya ka bar mutumin ya zama ɗan ɗigo a kusurwa, bango ya cika sauran wurin, domin da girman mutum ake auna girman dutse. Tun daren jiya ka roƙe shi ya sa riga shuɗiya, koriya ko fara. Ja da ruwan ƙasa suna ɓacewa a jikin bangon.

Abu biyu ne ba na yi, kuma ina roƙon ka kada ka yi su. Ba na karkata kyamara don bango ya yi kamar ya fi tsayuwa, domin igiyar da ke rataye da jakar alli suna nuna inda ƙasa take, masana kuma suna ganewa nan da nan. Ba na kuma roƙon mahayi ya maimaita motsi mai haɗari ko ya rage ƙarafan tsaro don hoto ya yi kyau. Idan ka rasa lokacin, ka tambaye shi bayan ya huta ko yana da niyyar sake hawa, idan ya ce a'a maganar ta ƙare.

Mataki na 7: Idan babu halin rataya

Wanda bai ƙware a igiya ba yana iya samun hoto mai kyau ƙwarai daga ƙetaren kwazazzabo. Ka hau tudu ko wani dandamalin dutse har ka zo daidai tsayin mahayi, ka kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, ka yi amfani da ido mai zuƙowa. Ka yi haka da sassafe, domin idan ƙasa ta ɗau zafi iska tana rawa kamar yadda muke gani a kan kwalta a watan Afrilu, kuma babu fokas da zai gyara wannan. Mai waya kaɗai ya nemi hoton faɗi daga gefen bango, ya guji zuƙowa da yatsa. Game da jirgi marar matuƙi kuwa, ka nemi izini tun kafin ka bar gida: a Jordan ba a shiga da shi sai da izinin hukuma, a gandayen ƙasa na Amurka kuma an hana tashinsa tun 2014, ga shi ƙararsa tana raba hankalin mahayi. A Wadi Rum da Ennedi za ka tarar da tsofaffin zane-zane a jikin duwatsu, ka ɗauke su hoto amma kada ka taɓa su ko ka bi da igiya ta kansu.

Mataki na 8: Sauka da gyaran kaya

Lokacin sauka ne gajiya da ƙishirwa suke haɗuwa da murnar an samu hoto, kuma a nan ake yin sakaci. Ka mayar da kyamara jaka ka zuge, sannan ka duba makullin kowace ƙugiya, ka ɗora nauyinka a kan na'urar sauka ka tabbatar ta kama kafin ka cire marikin hawa. Ni nakan tsara aikina in fita bayan sallar asuba in sauko kafin azahar, wanda ya dace da haske ya kuma dace da zafi, kuma ba na karɓar aikin rataya da rana a watan azumi.

Da dare ka hure kyamara da famfo kafin ka kai mata ƙyalle, domin shafa yashi a kan gilashi karce shi ne. Ka kwafi hotuna a wuri biyu kafin ka goge kati. Wajen gyara ka ɗaga inuwa kaɗan, ka rage ƙunar haske, amma ka ja hannunka daga ƙara launi, domin jan dutsen ya isa haka, idan ka ƙara fatar mutum za ta koma kalar manja. Ka aika wa mahayi da jagora hotunansu, ka kuma nemi yardarsu kafin ka sayar ko ka wallafa. Sannan ka zauna da fitila ka bi igiyarka da yatsu daga baki zuwa baki, taƙi bayan taƙi. Duk inda ka ji laushi, kumburi ko ka ga zaren ciki, ka yanke a nan, ka ƙona bakin da wuta, ka rubuta sabon tsawonta a jikin filasta ka manna.